Mako Guda a Gidan Hajiya: Taron Cika Shekara 70

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau a filinmu na zaman iyali za mu yi magana a kan wata al'ada da ke ƙara samun gindin zama a garuruwanmu, wato 'ya'ya su haɗa kai su shirya wa mahaifiya ko mahaifi taro saboda ya cika shekara 60, ko 70, ko 80. A da ba mu san wannan ba. Suna muka sani, da kaciya, da saukar karatu, da aure. Amma yanzu a Kano ko Kaduna ko Zariya, da wuya wata ya wuce ba ka ga katin gayyata irin wannan ya shigo wayarka ba.

Na san tuni wani mai sauraro ya ce, to ai mu ba mu yarda da wannan ba. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani. Wasu suna ganin koyi ne da baƙuwar al'ada wadda ba ta da tushe a addini. Wasu kuma suna ganin in an tsaya ga godiya ga Allah da sadaka da sada zumunci, ba a ɗauke shi a matsayin ibada ba, to babu laifi. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sukan yi addu'ar godiya a coci. Ko ma wane suna aka ba taron, abu ɗaya ne ke faruwa: 'ya'ya da jikoki su baro garuruwansu su cika gidan tsoho har na tsawon kwanaki. Waɗannan kwanakin su ne abin da ya dame ni, domin na lura sau da yawa ana kashe kuɗi da ƙarfi a watse, wanda aka taru dominsa bai ƙaru da komai ba sai gajiya.

Shekara 70 ba ƙaramar kyauta ba ce. A Najeriya matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba. Ya zo a hadisi cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke haura haka, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da 63 ya yi wafati. Duk gidan da ke da mai shekara 70 a raye, yana gani yana ji yana sa albarka, ya dace a yi murna. Tambayar ita ce yaya za a yi murnar.

Mu ɗauki misalin wani gida, irin gidajen da kowa ya sani. Hajiya ce, maigidanta ya rasu, tana da 'ya'ya bakwai. An sa taro ranar Asabar. Mu bi makon tun daga farkonsa.

Ranar Litinin gardama ta fara tashi a zauren WhatsApp na gidan. Wai shin ma Hajiya ta kai 70 ɗin? Katin ɗan ƙasa ya ce an haife ta 1 ga Janairu, kamar yadda aka rubuta wa dubban tsararrakinta. Lokacin da aka haife su, ba kowa ake yi wa rajistar haihuwa ba, musamman a ƙauyuka. Sai da aka zo neman fasfo na aikin Hajji aka je kotu aka yi takardar rantsuwa ta shekaru, aka zaɓi rana mai sauƙin tunawa. Ita kuwa Hajiya da aka tambaye ta, cewa ta yi: “Inna ta ce tana goyona Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi hawan daba.” To wannan magana ta fi takardar kotun ƙarfi, domin Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya ne a farkon shekarar 1956. Wadda ake goyo a lokacin, shekara 70 ta same ta wajen 2025 ko 2026.

Haka iyayenmu suke lissafi, kuma lissafi ne mai kyau in aka san yadda za a bi shi. Wani zai ce yana makarantar allo aka samu 'yancin kai, wato 1960. Wani zai ce yana saurayi aka kashe Sardauna, wato Janairun 1966. Wata za ta ce tana amarya aka canja hannun tuƙi, wato 1972, ko kuwa aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, wato 1 ga Janairun 1973. Wata za ta ce shekarar babban fari ta haifi ɗan fari, wato tsakanin 1973 da 1974, tana goyon na biyu aka harbe Janar Murtala a Fabrairun 1976. In ka jera irin waɗannan guda uku ko huɗu, za ka fito da shekarun mutum ba tare da kuskure mai yawa ba. Sannan a tuna, shekarar Hijira ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11. Mai shekara 70 a lissafin Bature ya haura 72 a lissafin wata. Don haka in wata goggo ta dage cewa Hajiya ta wuce 70, ita ma tana da gaskiyarta.

Ranar Talata maganar kuɗi. A nan ne zumunci ke fara jin jiki. Babban Yaya yana Abuja, hannunsa da maiƙo, ya ce a kama ɗakin taro, a kira mai hoto da mai kiɗa, a fitar da anko. Wata ƙanwarsa malamar firamare ce, mijinta kuma kasuwa ta yi masa nauyi. An yanka wa kowa kaso daidai wa daida, an kuma sa sunayen waɗanda suka biya a zaure kowa yana gani. Ita ta kasa cewa ba ta da shi, sai ta je ta karɓi kwasar adashi tun kafin lokacinta, ta ci bashin sauran. Jama'a, wannan ba daidai ba ne. Ba a raba wa 'yan'uwa nauyi da ma'auni ɗaya alhali Allah bai raba musu arziki da ma'auni ɗaya ba. A naɗa mutum guda amintacce ya karɓi gudummawa a asirce, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi da lokaci, kuma aikin taro ba ya yiwuwa sai da su. Anko kuwa, in har zai hana wata 'yar'uwa zuwa saboda kunya, a bar shi.

Abin mamaki, har zuwa wannan rana babu wanda ya tambayi Hajiya me take so. Wai ana so a yi mata ba-zata. Ni dai ban ga hikimar yi wa mai shekara 70 ba-zata ba. Da ƙaramar 'yarta ta zauna kusa da ita ta ce, “Hajiya, me kike so a yi miki?”, amsar ba ta da tsada. Ta ce a yi saukar Alƙur'ani a ba mahaifinku ladan, a dafa abinci a kai wa almajirai da maƙwabta, a je ƙauye a ɗauko mini ƙanwata da rabona da ita shekara uku, sannan a gyara rufin ɗakin nan da ke yoyo kafin damina. Ɗakin taro bai fito daga bakinta ba. Ba a otal ƙawayenta za su sake ba, a tsakar gida za su sake, a kan tabarma, su miƙe ƙafa.

Ranar Laraba baƙi suka fara sauka. Masu zuwa daga Legas, masu zuwa daga Jos, jikoki sun cika gida, wasu ma Hausar tasu sai a hankali. Wannan ita ce ranar da ta fi daɗi. Jika namiji ya shigo yana cewa, “Ina matar tawa? Har yanzu ba ki mutu kin bar mana gidan ba?” Ita kuma ta ce, “Kai tafi can, mijin da ko cefane ba ya bayarwa.” Jika mace ta zo a yi ta kishi ana dariya. Wasan jika da kaka ke nan, kuma yaran da suka tashi a birane da yawa ba su san shi ba. A bar su su koya. Su ji yadda Hajiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda alkunya, sai dai ta ce “babban naku” ko “wannan yaron”, alhali shi ma furfura ta fara fito masa.

Amma ga inda ake kuskure. Gida ya cika, sai a mayar da ɗakin tsohuwa masauki. Akwatuna a kan hanya, yara a kan gadonta, hira har ƙarfe ɗayan dare. Ita ba za ta ce a fita ba, kunya ba za ta bar ta ba. Tsoho yana da lokutansa: lokacin barci, lokacin lazimi, lokacin cin abinci, lokacin shan magani. In aka hargitsa su, jikinsa ne zai biya. A naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa a duk makon shi ne Hajiya kawai. Ya tabbatar ta sha maganinta a kan kari, ta ci abinci, ta ɗan kwanta bayan azahar. A kuma lura da ruwan da ake zubarwa a tsakar gida da banɗaki, musamman gidan da aka sa tayil. Faɗuwa ɗaya kan karya wa tsoho ƙugu, kuma da yawa daga nan ba su ƙara miƙewa kamar da.

Ranar Alhamis ita ce nake roƙon kowane gida ya ware, ko da za a rage wani abu daga cikin shagalin. A kai Hajiya asibiti a duba lafiyarta. Ba sai tana kwance ba. A auna jininta, domin hawan jini kan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, sai ranar da ya kayar da shi da shanyewar ɓarin jiki. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye, magana ta zama ta likita. A auna sukari. A duba idonta. Tsofaffinmu da yawa suna cewa “ai tsufa ne” alhali yanar ido ce, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a ƙasar nan, kuma aikinta ba ya ɗaukar dogon lokaci. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai kuma sashen ido a manyan asibitocin jihohi. Tsohuwar da ta daina karanta Alƙur'aninta saboda hazo-hazo, in aka yi mata aiki ta koma tana karantawa, wace kyauta ce za ta kai wannan? A duba kunne da haƙora. A tattara duk magungunan da take sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a zuba a leda a nuna wa likita, domin wani ba ya jituwa da wani.

Dalilin da ya sa na ce a yi shi a wannan makon shi ne, yanzu ne duk 'ya'yan suke wuri ɗaya. Kowa zai ji bayanin likita da kunnensa. Ba sai an bugo wa na Abuja waya ya ce ai da ya zo lafiyarta ƙalau ba.

Daren Alhamis zuwa Juma'a, madafa ta ɗauki zafi. Ana suyar cincin da dubulan, ana tuƙa alkaki, an jiƙa shinkafar waina, ana haɗa zoɓo da kunun aya. Wa ke wannan aiki? Surukai da 'ya'ya mata, musamman matar Auta da ke zaune a gidan. Maza suna zaure suna shan shayi suna tambayar ko abinci ya sauka. 'Yan'uwana maza, ɗaukar itace da gawayi, jan ruwa, jera kujeru, kai yara masallaci don su rage hayaniya, babu wanda zai rage muku girma. Kuma a ware wa Hajiya tukunyarta. Abincin taro gishiri da dunƙule da mai sun yi masa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda. Mai hawan jini ko ciwon sukari ba a tura masa lemon kwalba da kek a ce ai yau rana ɗaya ce.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a aka yi sauka, aka yi addu'a, aka fitar da sadaka. Da dare kuma, bayan isha'i, sai abin da nake ganin ya fi kowane hoto daraja. A shimfiɗa tabarma, a kashe talabijin, a ajiye waya ɗaya kusa da Hajiya tana naɗar murya, a bar ta ta yi magana.

Kada a ce mata “ba mu tarihi”, za ta ce ba ta da wani tarihi. A yi mata ƙananan tambayoyi. Hajiya, wane ne sunan kakanki na wajen uwa, kuma daga wane gari suka taso? Nawa ne sadakinki, fam nawa? Me aka jera miki a ɗaki, tasoshi ne ko fantimoti? Da me aka kai ki gidan miji, doki ko mota ko ƙafa? Kin ga dalar gyaɗa a Kano da idonki? Kin taɓa shiga jirgin ƙasa? Yaya kuka yi da yunwa shekarar fari? Wace sana'a kika yi kika sayi akuyarki ta farko? Wa ya karɓi haihuwar babban Yaya? Za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba. Za ku ji cewa kuɗin makarantar da kuke taƙama da ita, daga ƙuli-ƙuli da saƙar hula ya fito. Za ku ji sunayen 'yan'uwan da suka rasu suna jarirai, waɗanda ba a taɓa faɗa muku ba, a zamanin da baƙon dauro ke shiga unguwa ya kwashe yara. Za ku gane dangantakarku da mutanen da kuke gaisawa da su a biki ba ku san ta ina aka haɗu ba. In ta yi hawaye a bar ta, kada a katse ta. In ta maimaita labari, a saurara kamar ba a taɓa ji ba. Washegari a tura wa kowa muryar, wani jika mai kyan rubutu ya zauna ya rubuta salsalar gidan a littafi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, to ga babban nan a gabanku, ku tambaye ta tun tana iya amsawa.

In a cikin hirar ta kawo maganar bashi, ko amanar da wani ya ba ta, ko gonar da ke hannun wane, ko wasiyya, kada a ce “haba Hajiya, daina wannan magana”. Ba mugun fata ba ne. A ɗauko takarda a rubuta, a sa shaidu. Gidaje nawa ne suka watse a gaban alƙali saboda maganar da tsoho ya so ya faɗa aka hana shi?

Ranar Asabar ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san yadda taro yake. Abu uku kawai. A rage ƙarar lasifika. A taƙaita jawabai, kada a bar tsohuwa a kan kujera awa huɗu ana ɗaukar hoto. Sannan a ba tsararrakinta wuri na gaba, ƙawayenta na ƙuruciya da maƙwabtan da suka yi shekara 40 suna miƙa wa juna wuta ta katanga, ba abokan aikin 'ya'yanta da ba ta taɓa gani ba. In gidan akwai abokiyar zama da 'ya'yanta, a gayyace su da mutunci a zaunar da su a inda ya dace. Kuma kafin a watsa hotonta a Facebook ko TikTok, a nemi izininta. Wata ba ta so, kuma haƙƙinta ne.

Sai Lahadi. An fara ɗaure kaya, motoci suna dumama, kowa yana cewa “Hajiya, sai mun sake zagayowa, a sa mana albarka.” Zuwa la'asar gidan da ya yi kwana biyar yana amo zai yi tsit. Tsofaffi da yawa sun fi jin kaɗaici a makon da ya biyo bayan taro fiye da kowane lokaci. Za a bar ta da tulin wanke-wanke, da matar Auta, da ciwon ƙafa.

Kafin kowa ya shiga mota, 'ya'yan su shige ɗaki ɗaya su rufe ƙofa, ko na awa guda ne. A yi magana ta gaskiya. Nawa ne kuɗin maganin Hajiya a wata, kuma wa zai riƙa biya? Wa zai mayar da ita asibiti ranar da likita ya sa? Za a yi mata rajistar inshorar lafiya, ko ta hukumar NHIA ta ƙasa ko ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha? Wa zai kira ta ranar Litinin, wa zai kira ranar Talata, yadda ba za a wayi gari a kai dare ba ta ji muryar ɗaya daga cikinku ba? Wa zai zo da ƙaramar Sallah, wa zai zo da babba? Rufin ɗakin nan da ta ambata, wa zai kira kafinta, kuma yaushe? A rubuta, kowa ya riƙe kwafi.

Sannan a juyo ga wadda ke zaune da ita. Ko 'ya ce ko suruka, ita ce ke tashi da dare, ita ce ke wanki, ita ce ke shan faɗan tsufa, sauran kuma su zo da tsaraba rana ɗaya su kwashe albarka. A gode mata a gaban kowa. A yanka mata wani abu duk wata. A tsara lokacin da wata za ta zo ta karɓe ta, ita ma ta je ta ga nata iyayen. Alƙur'ani a cikin Suratul Isra'i ya yi umarni da kyautata wa iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Umarnin bai ware ɗa ɗaya ya bar sauran ba.

Mai sauraro, in kana da tsoho a gida, ko an san ranar haihuwarsa ko ba a sani ba, ko gidanku na yin taro ko ba ya yi, kada ka jira sai ya cika 70 ko 80. Ka kira 'yan'uwanka a daren nan ku sa ranar da za ku haɗu. Ku kai shi a auna jininsa, ku naɗi muryarsa, ku raba nauyinsa a tsakaninku. Waɗanda nasu iyayen suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Akwai goggo, akwai kawu, akwai inna, akwai baffa, ku leƙa su.

A nan za mu dakata.   

(Kiɗan rufe shiri)